Fitilar Bakin Taga: Yadda Gida Ya Riƙe Bikin Hanuka Fiye da Shekara Dubu Biyu

Duk shekara, tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba, lokacin da dare ke tsawo kuma sanyi ke ratsa ƙashi a ƙasashen arewacin duniya, iyalan Yahudawa kan taru da almuru a gaban taga ko a bakin ƙofa su kunna fitila. Daren farko ɗaya, dare na biyu biyu, haka za a yi ta ƙarawa har dare na takwas. Wannan shi ne Hanuka, kalmar Ibrananci mai nufin keɓe wuri domin bauta, kuma yana kamawa ranar 25 ga watan Kislef na kalandarsu. Kalandar tasu ta wata ce, amma da yake ana ƙara mata wata guda sau bakwai cikin kowace shekara 19, bikin ba ya zagaya shekara kamar yadda azumi da sallah ke yi a lissafin Hijira. Kullum cikin hunturu yake faɗowa, sai fa a wurare irin su Afirka ta Kudu da Ostireliya, inda Disamba watan zafi ne. Abin mamakin shi ne, Hanuka ba ya cikin manyan idodin Yahudawa. Attaura ba ta ambace shi ba, ba a hana aiki a cikinsa, ana buɗe kasuwa ana zuwa ofis. Duk da haka yana cikin bukukuwan da suka fi riƙewa, har waɗanda ba su cika leƙa majami'a ba. Sirrin ɗorewarsa kuwa yana cikin wurin da aka ajiye shi, wato gida, a hannun uba da uwa da yara, da kuɗin da bai wuce na ɗan mai da lagwani ba.

Asalin bikin dai ba shi da kama da wannan shiru na cikin ɗaki, domin daga filin daga ya fito. A ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, ƙasar Yahudiya tana ƙarƙashin daular Girkawa da ke mulki daga Siriya, ɗaya daga cikin daulolin da suka gaji ƙasashen da Iskandari Mai Girma ya ci. A shekara ta 167 kafin Miladiyya, sarki Antiyokas na Huɗu ya haramta kaciya da kiyaye ranar Asabar, ya sa aka mayar da Haikalin Ƙudus wurin yanka ga abin bautar Girkawa. Wani tsohon firist mai suna Matatiya a ƙauyen Modi'in ya ƙi bin umarnin, ya shiga duwatsu da 'ya'yansa biyar. Da ya rasu, ɗansa Yahuza, wanda ake wa laƙabi da Makabi, ya karɓi jagorancin yaƙin sunƙuru. A shekara ta 164 suka ƙwace Haikalin, suka tsarkake shi, suka gina sabon wurin yanka, suka yi kwana takwas suna biki, sannan aka yi doka a riƙa tunawa da kwanakin kowace shekara. Littattafan Makabiyawa na ɗaya da na biyu ne suka adana wannan labari, kuma suna cikin Littafi Mai Tsarki na mabiya ɗariƙar Katolika da na Otodoks, amma ba sa cikin nassin da Yahudawa ke riƙo da shi. Linjilar Yohanna ma ta ambaci Idin Keɓewa da ake yi a Ƙudus lokacin sanyi, alamar cewa bikin ya riga ya zauna daram a ƙarni na farko.

Biki irin wannan, da ya rataya ga gini ɗaya da gidan sarauta ɗaya, bisa al'ada tare da su yake mutuwa. Zuriyar Matatiya sun yi mulki kimanin ƙarni guda, sannan rikicin gado ya raba kansu har janar ɗin Rum, Fombe, ya shiga Ƙudus a shekara ta 63 kafin Miladiyya. A shekara ta 70 Miladiyya Rumawa suka rushe Haikalin, suka kwashe kayansa, har yau kuma a birnin Rum akwai hoton sojoji ɗauke da fitilarsa mai reshe bakwai, sassaƙe a jikin ƙofar nasarar Titus, kwamandan da ya ci birnin. To, me ya hana Hanuka bin sahun ginin? Akwai misalin da ke ba da amsa. Yaƙin Makabi ya haifar da wani bikin daban, Ranar Nikano, domin tunawa da nasarar da Yahuza ya yi a kan wani kwamandan Girkawa mai wannan suna, ana yin sa ranar 13 ga watan Adar. Yaƙi ɗaya, jarumi ɗaya, kuma littattafan Makabiyawa duka biyu sun rubuta dokar kiyaye shi. Amma Ranar Nikano ta shuɗe, yau sai masu bin diddigin tarihi suka san da ita. Ita ba ta da wani aiki da iyali za su yi da hannunsu a ɗakinsu, labarin nasara ce kawai. Hanuka kuwa ya samu fitila.

Malaman Yahudawa da suka tattara Talmud, babban kundin shari'arsu, a ƙasar Babila, wato Iraƙin yau, su ne suka rubuta labarin da kowane yaro Bayahude ya sani: da Makabiyawa suka shiga Haikalin, ba su tarar da tsarkakakken man zaitun ba sai ɗan tulu guda mai hatimin babban firist, wanda bai wuce na kwana ɗaya ba, amma ya yi kwana takwas yana ci. A wuri guda da wannan labari suka shimfiɗa hukuncin, kuma yadda suka tsara shi ne ya fi muhimmanci. Wajibin da suka ɗora shi ne fitila ɗaya ga mutum da iyalan gidansa a kowane dare. Wanda ya so ƙari ya kunna wa kowane ɗan gida tasa. Wanda ya so kyautatawa fiye da haka ya riƙa sauya adadin dare bayan dare, kuma a nan makarantu biyu suka saɓa. Almajiran Shammai suka ce a fara da takwas ana ragewa, almajiran Hilel suka ce a fara da ɗaya ana ƙarawa, domin abu mai tsarki gaba yake yi, ba ya baya. Ra'ayin Hilel ne ya yi rinjaye. Babu inda hukuncin ya nemi firist, ko jam'i, ko wani gini na musamman. Yahudawan Habasha, waɗanda suka daɗe a rabe da wannan koyarwa ta Talmud, a da ba su san Hanuka cikin bukukuwansu ba, abin da ke nuna cewa ta wannan hanya ta hukuncin gida bikin ya yaɗu a duniya.

Yadda ake yi a yau bai yi nisa da wancan tsari ba. Ana fito da abin ɗora fitilu mai gurbi tara, wanda ake kira hanukiya: takwas a jere kai ɗaya, na tara kuma a ɗan sama ko a gefe. Wannan na taran shi ne shamash, wato hadimi, da shi ake kunna sauran. Wasu na amfani da kyandir, wasu na zuba man zaitun su sa lagwani irin na aci-balbal, domin ya fi kusa da asali. Ana jera su daga dama, amma sabuwar fitilar daren ake fara kunnawa, sannan a koma kan na jiya da shekaranjiya. Mai kunnawa kan karanta addu'o'in godiya uku a daren farko, biyu a sauran darare, iyali na tsaye suna amsawa, bayan nan a rera waƙoƙin bikin, cikinsu har da Ma'oz Tsur, wadda aka tsara a Turai tun wajen ƙarni na 13. Ana so fitilun su ci aƙalla rabin sa'a bayan duhu ya shiga. Ba a karatu ko ɗinki ko ƙirga kuɗi da haskensu, na kallo ne da tunawa kawai, shi ya sa ake barin hadimin a kunne domin duk wani amfani da aka yi da haske ya zama da nasa aka yi. Ranar Juma'a da yamma ana kunnawa da wuri, kafin fitilun Asabar, saboda da zarar Asabar ta shiga ba a kunna wuta. Wanda ya bi tsarin har ƙarshe zai ƙona kyandir 44, shi ya sa ake sayar da su cikin kwali mai wannan adadi.

Wurin da ake ajiye fitilar shi ma magana ce. Malaman sun ce manufar ita ce shelar abin al'ajabin, don haka asali a bakin ƙofar gida ta waje ake ajiye ta, ta hagun mai shiga, daura da mezuza, ɗan kwanson nan mai ɗauke da ayoyin Attaura da ake kafawa a dama. Mazaunin bene ya sa a tagar da ke kallon hanya, lokacinta kuwa daga faɗuwar rana har sawu ya ɗauke a kasuwa. Mishna, tarin hukunce-hukuncen malamansu wadda aka kammala wajen shekara ta 200, ta kawo wata shari'a da ke nuna yadda abin ya zama ruwan dare: raƙumi ɗauke da zaren lilin ya gifta ta gaban kanti, kayan suka taɓa fitilar da mai kanti ya ajiye a waje, gobara ta tashi. A ƙa'ida mai kanti ne zai biya, amma wani malami ya ce in fitilar Hanuka ce babu laifi a kansa, tunda wurinta ke nan. Sai dai malaman sun san duniya. Sun ce a lokacin tsoro mutum ya ajiye ta a kan teburinsa, ta wadatar. Wannan sassauci shi ya ba bikin damar ratsa ƙarnonin tsangwama: in an samu sarari a fito da ita taga, in hanya ta yi zafi a ja labule, amma ba a fasa kunnawa. Akwai wani sanannen hoto da matar wani malamin Yahudawa ta ɗauka a birnin Kil na Jamus a farkon shekarun 1930, hanukiya a kan taga, tutar 'yan Nazi na rataye a ginin da ke tsallaken titi. Iyalin sun tsira da fitilar, kuma jikokinsu na kunna ta har yanzu.

An kuma yi tanadi domin kada bikin ya zama na masu hali kaɗai. Musa bin Maimun, masanin shari'a kuma likita da aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus ya rasu a Masar a 1204, ya hukunta cewa ko wanda da sadaka yake ci ya ranta, ko ya sayar da tufarsa, ya sayi mai ya kunna. Mai karatu zai iya ganin tsanani a nan, amma abin da ake nema bai wuce mai na fitila ɗaya na rabin sa'a ba, kuma talakawan da ba su da hanukiyar tagulla sukan yi amfani da ƴan kasake, ko ma dankali da aka rarake aka zuba mai a ciki. Shi dai wannan malami ya ƙara da wani hukunci da ya fi na farko nauyi: in kuɗin mutum bai isa ya sayi fitilar haskaka ɗaki ta daren Asabar da ta Hanuka duka ba, ta ɗakin ce gaba, saboda zaman lafiyar iyali, kada su kwana suna karo da juna cikin duhu. Wato an ɗora natsuwar gida a kan shelar nasara. Bikin da ya fito daga yaƙi ya zama yana sunkuya wa zaman lafiyar ɗaki guda, kuma da wuya a samu hujjar da ta fi wannan nuna inda aka mayar da zuciyarsa.

Tunda gida ne dandalin, dole mata su zama a tsakiya. Talmud ya wajabta musu fitilar kamar maza, da dalilin cewa su ma abin ya shafe su, kuma mace na iya kunnawa a madadin gida duka. A wurare da yawa al'ada ce mata su ajiye duk wani aiki muddin fitilun na ci, a zauna a yi hira. Daga tsakiyar zamanai aka haɗa bikin da labarin Yahudit, gwauruwar da aka ce ta ciyar da kwamandan abokan gaba cuku mai gishiri, ƙishi ya sa ya sha giya har barci ya kwashe shi, ta sare kansa ta ceci garinsu. Malam Musa Isalis na birnin Kirako a Foland, a ƙarni na 16, ya ambaci al'adar cin cuku a Hanuka saboda wannan labari. Yahudawan Tunisiya da Libiya kuwa sun ware ranar ɗaya ga watan Tebet, wadda ke faɗowa cikin kwanakin bikin, suna kiranta Idin 'Yan Mata da Larabci: ana yi wa 'yan mata kyauta, angwaye masu jiran biki na aika wa amarensu kaya, mata na taruwa su ci kayan zaƙi. A Halab ta Siriya, wasu iyalai da kakanninsu suka zo bayan korar Yahudawa daga Andalus a 1492 sukan ƙara fitila guda a kowane dare, godiya ga samun mafaka. Kowace al'umma ta ɗora nata tarihin a kan wanda ta gada.

A madafa ma haka abin yake. Ƙa'ida ɗaya ce, a ci abin da aka soya da mai domin tuna tulun nan, amma abin da ake soyawa ya danganta da abin da ke kasuwar garin. Yahudawan Foland da Rasha da Lituwaniya na goge dankalin Turawa su haɗa da albasa da ƙwai su soya shi fale-fale, su kira shi latke. A ƙasashen nan man zaitun ya yi tsada, don haka da kitsen dinya ko na kaza ake suyar a da. Yahudawan Maroko na soya sifanj, kwaɓaɓɓen fulawa mai rami a tsaka, ɗan'uwan fanke, wanda maƙwabtansu Musulmi ma ke ci da shayi, sunansa kuwa daga kalmar Larabci ta soso. Zuriyar waɗanda suka baro Andalus suka zauna a Turkiyya da Girka na yin bimuwelo su tsoma a zuma. A Italiya akwai masu soya kaza. A Isra'ila sufganiya ce ta mamaye, wani fanke mai taushi da ake cusa wa matsattsen 'ya'yan itace a barbaɗa sukari, gidajen burodi na fara sayar da shi makonni kafin bikin. Yaron da bai kai fahimtar wane ne Antiyokas ba ya san ƙamshin suyar kakarsa, kuma ranar da ya tambayi dalilin wannan mai da yawa, ƙofar labari ta buɗe ke nan.

Wasan yaran ma an ɗaura masa darasi. Akwai wani abin juyawa mai fuska huɗu, kamar yadda yaranmu ke murza katantanwa, ana kiransa direidel da harshen Yidish, sebibon da Ibrananci. Kowace fuska na ɗauke da harafi guda: nun, gimel, he, shin. Kowa zai zuba gyaɗa ko alewa ko kwabo a tsakiya, a murza. Wanda nun ya faɗo masa bai samu komai ba, gimel ya kwashe duka, he ya ɗauki rabi, shin ya ƙara zubawa. Ana koya wa yara cewa haruffan farkon kalmomi huɗu ne da ke nufin babban abin al'ajabi ya faru a can, a Isra'ila kuma an sauya harafin ƙarshe da fe domin ya zama a nan. Sai kuɗin Hanuka, da ake kira gelt. A Foland ta ƙarnonin baya malaman makarantar yara ake kai wa shi, daga baya ya koma hannun yaran kansu, kusan kamar goron sallah, kuma a ƙarni na 20 kamfanonin alewa a Amurka suka fara yin kwabban cakulan naɗe da takardar zinariya. Iyaye da yawa na sa yaro ya cire sadaka daga abin da ya samu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ana tanƙwarawar ne ba da bulala ba.

Masu suka na da ƙorafi uku, kuma kowanne na da nauyi. Na farko, cewa labarin tulun mai ƙirƙira ce ta baya, an rufe yaƙi da ita. Gaskiya ne littattafan Makabiyawa ba su ambaci tulun ba. Na biyun ma cewa ya yi an yi kwana takwas ne a kwaikwayi Idin Bukkoki da yaƙi ya hana su yi a lokacinsa. Yosifus, marubucin tarihi Bayahude na ƙarshen ƙarni na farko, ya ce ana kiran bikin Haske, amma shi ma hasashe ya yi game da dalilin sunan. Labarin mai bai bayyana a rubuce ba sai bayan ƙarnoni. Haka kuma yaƙin na da ɓangaren basasa tsakanin Yahudawan da suka rungumi al'adun Girkawa da waɗanda suka ƙi, kuma Yohanna Hirkanus, jikan Matatiya, ya tilasta wa mutanen Idumiya shiga addininsa, abin da kakansa ya yi yaƙi da irinsa. Sai dai ba a ɓoye yaƙin ba, domin addu'ar da ake ƙarawa a salloli da bayan cin abinci a kwanakin nan nasarar yaƙin take ambata. Abin da malaman suka yi zaɓi ne na abin da za a sa a gaba. Sun ga abin da tawayen da aka yi wa Rumawa a shekara ta 66 da na Bar Kokba a 132 suka jawo wa jama'arsu, don haka karatun da suka sa wa Asabar ɗin bikin ya fito daga littafin Zakariya, annabin zamanin komowa daga Babila, ba mahaifin Annabi Yahaya ba, mai koyar da cewa al'amari na tabbata da ikon Allah ne fiye da ƙarfin runduna. Ko mutum ya gaskata labarin tulun ko bai gaskata ba, shi ne ya ba mai rauni abin da zai iya maimaitawa a ɗakinsa. Nasarar yaƙi ba ta maimaituwa a kan tebur.

Ƙorafi na biyu shi ne yawancin al'adun aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Direidel daga wani wasan caca na Jamus ya samo asali, haruffansa ma farkon kalmomin Jamusanci ne na babu, duka, rabi da zuba, labarin cewa yaran zamanin Antiyokas na ɓoye karatu da shi kuwa daga baya aka haɗa. Dankali ɗan Kudancin Amurka ne, bai zama abincin talakan gabashin Turai ba sai ƙarni na 19. Kyaututtukan dare takwas da takardun naɗi masu launin shuɗi da fari a Amurka kuwa, kowa ya san gogayya ce da Kirsimeti. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wasu malamai biyu a birnin Sinsinati, Ishaƙ Maya Wais da Maks Liliyantal, suka shirya wa yara shagulgulan Hanuka da gangan domin kada ɗan Bayahude ya ji an bar shi a baya a watan Disamba. Duk wannan haka ne, kuma cikin Yahudawa ma akwai masu kukan cewa saye-saye na neman danne ma'ana. Amma a duba me aka aro, me kuma ba a taɓa ba. Abinci ya sauya, wasa ya sauya, kyauta ta sauya. Ranar 25 ga Kislef, dare takwas, addu'o'in da fitilar da ba a amfani da haskenta suna nan yadda suke a Bagadaza da Kasabalanka da Niu Yok. Al'adar da ke da ginshiƙi ɗaya tsayayye tana iya aron ado daga maƙwabta ba tare da ta narke ba, kuma aron ne ke sa kowane zamani ya ji bikin nasa ne.

Ƙorafi na uku ya fi kusa da zamaninmu: ai Hanuka ya bar gida ya fita dandali da fagen siyasa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu rajin kafa ƙasar Yahudawa suka ɗauko Makabiyawa a matsayin jaruman ƙasa, suka sa wa ƙungiyoyin wasanni sunansu, aka fara gasar Makabiya a 1932. A Amurka ƙungiyar Habad ta fara kafa manyan fitilu a filayen birane a shekarun 1970, shugaba Jimmy Carter ya halarci kunna ɗaya kusa da fadar White House a 1979, kotun ƙolin ƙasar kuma ta amince da wadda aka kafa kusa da bishiyar Kirsimeti a gaban ginin hukuma a Fitsbag a 1989. To amma a shari'ar Yahudawa kallon waccan babbar fitila ba ya sauke wa mutum wajibin gidansa, har wanda ya kunna a majami'a sai ya koma ya kunna wa iyalinsa. Mai karatun da abin da ke faruwa da Falasɗinawa ke ci wa rai zai iya tambayar amfanin sanin duk wannan. Bikin ya girmi ƙasar Isra'ila ta 1948 da fiye da shekara dubu biyu, kuma masu goyon bayan manufofinta da masu adawa da su cikin Yahudawa duk suna kunna fitila ɗaya. Sanin al'adar mutane daban, amincewa da siyasar wata gwamnati daban, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. A garin Bilins na jihar Montana a 1993, da aka jefi tagar ɗakin wani yaro Bayahude saboda alamar Hanuka da ke jikinta, jaridar garin ta buga hoton fitilar, dubban maƙwabta, yawancinsu Kiristoci, suka manna a tagoginsu. Sun iya yin haka ne domin sun fahimci abin da ke kan tagar.

Abin da tarihin Hanuka ke koyarwa ya wuce Yahudawa. Duk al'adar da sai da fada ko babban gini ko kuɗi mai yawa take yiwuwa, rayuwarta na hannun waɗannan abubuwa, ranar da suka faɗi ta bi su. Wadda aka sauƙaƙa har talaka zai iya, aka ba mace da yaro rabo a cikinta, aka yi mata lokaci sananne da aikin hannu da ɗanɗano a baki, ita ce ke shiga jakar mai gudun hijira ta sauka tare da shi a wata ƙasa. Daular Antiyokas ta tafi, sarautar Makabiyawa ta tafi, Rum ɗin da ta kwashe fitilar zinariya ita ma ta tafi. Ranar Nikano, mai labarin jarumta zalla, ta koma cikin littattafai. A dare na takwas kuwa, fitilu tara kan ci a tagogin gidaje daga Landan zuwa Johannasbag, su yi rabin sa'a ko fiye su mutu da kansu. Da safe a kankare dasƙararren kyandir, a goge tagullar, a mayar da ita saman kabad, inda yaron da ya riƙe hadimi a daren jiya ya ga an ajiye ta.